Hannun Mujitaba, Idon Rufaida

Ranar da Rufaida ta fara ganin Mujitaba, hannunsa ta fara kallo kafin fuskarsa.

Aikin da ya kai ta Yako ke nan. Koci Uwais, mai horar da ƙungiyar hoki, wato ƙwallon gora, ta matasan jiha, shi ya kira ta a waya ya ce, "Rufaida, ana ta ba ni labarin wani saurayi a Yako. Ke ce kusa, kuma na yarda da idonki. Je ki gano min ko ɗan wasa ne ko surutun mutane ne."

Ta cancanci wannan yarda. Shekaru ta yi tana buga wa ƙungiyar mata ta jiha ƙwallon gora, har gwiwarta ta ƙi. Da ta dawo gida Kiru, sai ta zama malamar motsa jiki a sakandaren 'yan mata. Gudu ya bar ta, amma ido bai bar ta ba.

Bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke ta a bakin filin firamare. Jar ƙasa ce, dawa ta kewaye ta ta gefe biyu. Wani malami ɗan bautar ƙasa ne ya kawo wasan garin tun da daɗewa, ya tafi ya bar musu sanduna kaɗan. Sauran kuwa samarin ne suka sassaƙa abinsu.

Ba ta tambayi wane ne Mujitaba ba. Dogo ne, baƙi, cikin riga ruwan toka. Ƙwallo na zuwa sandarsa sai ta lafa kamar an shafa mata danƙo. Ya juya sandar ta baibai, ya wuce mutum uku, ya shiga da'irar bakin raga inda ake cin ƙwallo, ya narka ta a raga. Yara suka ɗauki ihu.

Da aka tashi, ya nufo ta yana share zufa da gefen riga.

"Sannu da zuwa, Malama. An ce ke aka turo ki duba ni. To, me kika gani?"

"Kana son gaskiya ko kana son yabo?"

"Ai yabo ina samunsa kullum a nan."

Ta gyara mayafinta. "Hannunka mai laushi ne, irin wanda ba a koya wa mutum. Kana da gudu, kuma ba ka tsoron a rufe ka. A ina ka koyi juya sanda haka?"

"Da ƙodagon goruba, muna yara, a wajen kiwo. Shi ba ya tafiya miƙe, dole hannu ya bi shi."

"Shi ya sa. Amma kanka kullum a sunkuye yake. Kana wasa kamar kai kaɗai Allah ya halitta a filin nan. Sau nawa mai jar hula ya ɗaga maka hannu yana tsaye shi kaɗai a bakin raga?"

Ya waiga ya dubi filin. "Ya ɗaga hannu?"

"Ka gani ko?"

Sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki. A lokacin ne ta kalli fuskarsa, ta ga wushiryarsa, ta yi saurin mayar da idonta kan sandar.

Kafin ta iso gida saƙo ya shigo wayarta:

"Malama, na tambayi mai jar hula. Ya ce sau biyar. Yaushe za ki dawo ki ƙara ɓata min rai?"

Ta karanta, ta yi murmushi, ta rubuta: "Ran Asabar. Ka zo da wuyanka, za mu koya masa ɗagawa."

Haka Asabar ta zama tasu. Tana tsayawa a gefen fili ta ɗaga yatsu, shi kuma dole ya faɗi ko nawa ne yana cikin gudu da ƙwallo. Da farko ya dinga tuntuɓe, ƙwallon na dukan ƙafarsa, samari suna yi masa tsiya. Bai taɓa fushi ba. Da safe yana gonar tumatir ɗin mahaifinsa a fadama, da yamma yana fili. In za ta tafi, sai ta tarar an ɗaure mata ledar tumatir da tattasai a bayan babur.

"Wannan cin hanci ne," in ji ta wata rana.

"Na Inna ne, ba naki ba. Alƙali ba ya karɓa, amma uwar alƙali tana miya."

Tun daga nan ya koma kiranta Alƙaliya, ita kuma tana ce masa Ɗan Yako. Wata ranar Juma'a da hantsi, tana ofishin malamai, saƙonsa ya shigo:

"Alƙaliyata, kin ce in dinga ɗaga kai ina duba wanda ke gabana. Na ɗaga. Ke na gani. Ina son ki, kuma ba da wasa ba. In kin ba ni izini, kawuna zai zo ya gaida Malam."

Ta kife wayar a kan tebur. Sai da aka tashi tara sannan ta amsa:

"Ɗan Yako, ka daɗe kana riƙe da wannan ƙwallon. Na zaci ba za ka taɓa miƙowa ba. Ya zo."

Kawun ya zo, ya gaida mahaifinta Malam Ladan a zaurensa inda yake karantar da manya bayan asuba. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya ce zai yi shawara. Da baƙon ya tafi sai ya shigo cikin gida ya kira 'yarsa. Ta durƙusa a gefen tabarma, mahaifiyarta Inna Kulsum na tsintar shinkafa a bakin ƙofa.

"Rufaida, na bar ki kin yi wasan nan don makaranta ce ta kawo shi, kuma ban taɓa jin kin zubar min da mutunci ba. Amma miji? Mutumin da ya girma yana bin ƙwallo da sanda?"

"Baba, manomi ne. Wasan kuma baiwa ce Allah ya ba shi."

"Ga Tasi'u nan, ɗan aminina na Tudun Wada. Shi ma yana wasan, amma yana da rumfar hatsi, na san gidansu. Ba zan tilasta miki shi ba, kin san halina. Abin da ya fi damuna daban ne. Ana cewa an aike ki ki auna yaro, kin je kin ɗora son zuciyarki a kan ma'auni. Wai duk yabon da kike yi masa na soyayya ne."

Maganar ta soke ta. Ta san daga inda ta fito. Tasi'u shi ne ɗan wasan gaba na ƙungiyar jiha, ya daɗe yana nemanta tana kaucewa, ga shi yanzu ana raɗe-raɗin ɗan Yako zai ƙwace masa gurbi.

"Baba, ban taɓa faɗin abin da idona bai gani ba."

"Allah ya sa. Amma daga yau kin daina zuwa Yako."

"To, Baba."

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta masa: "Malam bai amince ba tukuna, kuma ya hana ni zuwa. Kada ka karaya. Ka ci gaba da atisaye, gwaji ya kusa. Ni ina nan inda ka bar ni."

"Ni ma ina nan, Alƙaliyata," ya amsa. "Zan yi wasan da zai sa Malam ya ji sunana a rediyo."

Ranar gwaji a Kano, Koci Uwais ya zaunar da ita kusa da shi a benci. Mujitaba ya shiga fili kamar wuta. Ya ci uku shi kaɗai, ɗaya ma da baibayin sanda yana faɗuwa. 'Yan kallo suka miƙe tsaye. Amma Rufaida ta ga abin da ba su gani ba: don yana son ya burge, kan nan nasa ya sake sunkuyawa. Duk abin da suka koya a Yako ya zube.

Bayan an tashi, Koci ya ja ta gefen rumfa. "To, Rufaida? Ni dai har na ga ɗan gabana na gasar bana."

Ta san abin da kalma ɗaya daga bakinta za ta yi. In ta ce e, Mujitaba zai tafi gasar ƙasa, sunansa ya fita, wataƙila zuciyar Malam ta yi laushi. Ta dubi Koci.

"Koci, kada ka tafi da shi bana. Bai shirya ba."

"Kin ga abin da ya yi kuwa?"

"Na gani. A nan ƙasa ce, ƙwallo tana tsalle, mai hannu ne sarki. Can a filin roba ƙwallo ta fi mutum gudu. Manyan 'yan baya za su bar shi ya yi ta rawa, mutum biyu su rufe shi a gefe, su karɓe. Wasa biyu za a yi a ce ba shi da amfani, ya dawo gida a karye." Ta numfasa. "Kuma shi ba ɗan gaba ba ne. Ɗan tsakiya ne, bai dai sani ba. Yana da numfashin da zai yi ta kai da kawowa har a tashi, ga shi ba a ƙwace masa ƙwallo. Ka ajiye shi a sansani, ka sa shi tsakiya, ka hana shi shiga da'ira. In ya koyi rabawa, na rantse nan da shekara biyu ba za ka samu kamarsa a ƙasar nan ba. In ban faɗi daidai ba, kada ka ƙara tambayata komai."

Koci ya kalle ta, ya gyaɗa kai.

Abin da ba ta lura ba shi ne, Tasi'u na bayan rumfar yana kwance takalmi. Farkon maganar kawai ya ɗauka, ya kai wa Mujitaba a tasha.

Tana cikin motar Kiru saƙon ya same ta:

"An ce Koci ya so ya ɗauke ni, ke kika ce ban shirya ba. Ki ce min ƙarya ne."

"Gaskiya ne," ta rubuta. "Amma ba shi ke nan ba. Ka ɗaga waya in yi maka bayani."

"Ba sai kin yi ba. Da kin ce min kin zaɓi Tasi'u da ya fi min sauƙi. Na gode, Malama."

Malama. Kalmar ta fi komai yi mata ciwo. Ta kira, wayar a kashe.

Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Inna Kulsum ta lura tuwon 'yarta na dawowa kusan yadda aka kai shi.

"Ke kuwa da kin yi shiru a ranar, me zai ragu?"

"Inna, da na yi shiru da na cuce shi. Gara ya yi fushi da ni yana tsaye da ya so ni yana faɗuwa."

"In bai dawo ba fa?"

"Zai dawo. Mutumin da na gaya wa aibinsa ranar farko ya yi dariya, ba zai kasa gane wannan ba. Zafi ne, zai huce."

Ta faɗa da ƙarfin zuciya, amma da ta shiga ɗaki ta daɗe tana kallon wayar.

Koci Uwais ne ya gaji da jira. Da ya ga an buɗe sansani Mujitaba bai zo ba, sai ya hau mota har Yako, ya same shi a fadama yana ban ruwa. Abin da ya gaya masa Rufaida ba ta ji ba, sai dai da azahar ɗin ranar wayarta ta yi ƙara:

"Alƙaliyata. Koci ya maimaita min maganarki kaf, har rantsuwar. Kin sa sunanki a kaina, ni kuwa na zarge ki. Kunya ta hana ni kira. Ki yafe min. Gobe zan tafi sansani, kuma ko a gola kika ce in tsaya, zan tsaya."

Ta karanta har sau biyu, hawaye na sauka kan gilashin wayar.

"Na yafe, Ɗan Yako. Amma kada ka ƙara ce min Malama in kana fushi. Gola kuma a'a, ka cika rawar ƙafa."

Bai je gasar shekarar ba. Ya zauna a sansani yana koyon tsakiya, ƙarshen mako ya dawo gona. Yakan turo mata labari: yau Koci ya fitar da shi don ya shiga da'ira, yau ya raba ƙwallo har 'yan gaba suka gaji da gudu. Ita kuma tana kallon bidiyon da ake turo mata tana gyara masa. "Ka duba kafin ta iso ka, ba bayan ta iso ba." "Kafaɗarka tana tona asirin inda za ka miƙa."

Da damina ta zagayo, aka shirya wasan sada zumunci da ƙungiyar wata jiha maƙwabciya, irin masu manyan 'yan baya da ta faɗa. Koci ya saka Mujitaba a tsakiya, Tasi'u a gaba. Rufaida na benci, ta damƙe gefen mayafinta.

Har aka kusa tashi ba wanda ya ci. Sai Mujitaba ya karɓi ƙwallo daga baya, ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu. Bakin da'ira ya buɗe masa. Duk wanda ya san shi ya san zai buga. 'Yan baya biyu suka yo kansa. Ya ɗaga kai, ya ga Tasi'u shi kaɗai a gefen raga, ya zura masa ita ta tsakanin ƙafafunsu. Tasi'u ya taɓa kawai, ta shige.

Fili ya kaure. Rufaida ba ta san lokacin da ta miƙe ba, gwiwar ma ta manta da ita.

Tasi'u bai yi murnar da aka saba ba. Ya tako har tsakiya, ya tsaya gaban Mujitaba.

"Ni ka ba?"

"Kai ne a wurin."

Tasi'u ya miƙa masa hannu, suka gaisa. Daga ranar bai ƙara aike gidan Malam Ladan ba.

Koci Uwais da kansa ya zo Kiru ya gaida Malam. Suka daɗe a zaure. Rufaida na tsakar gida tana jin muryar mahaifinta sama-sama.

"Wato ita ce ta hana a tafi da shi? Tana son sa ta hana?"

"Ita ce, Malam. Ni da na ɗauke shi."

Rufaida ta ƙara kasa kunne. Can Malam ya ce, "A ce wa yaron ya zo."

Mujitaba ya zo cikin farar shadda, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, barka da hantsi."

"Yawwa. An ce 'yata ta hana ka abin da kake so, ka yi fushi."

"Na yi, Allah gafarta. Ni ne ban fahimta ba."

"Yanzu in ka aure ta, ta sake ganin aibinka ta faɗa maka fa? Don na san ta, za ta faɗa."

"Zan ji zafi, Allah gafarta, ba zan ɓoye ba. Amma zan tsaya in ji ƙarshen maganar kafin in yi fushi."

Malam ya yi ɗan murmushi cikin gemu. "Gonar fa? Sanda ba ta cika rumbu."

"Gona tana nan, da ita na tashi. In ina sansani ƙannena na kula, in na dawo ni ne a ciki. Wasa na ƙuruciya ne, noma na har tsufa."

Malam ya yi masa tambayoyi kan sallah da karatu, ya amsa abin da ya sani, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Daga ƙarshe Malam ya ce, "Na aika Yako an bincika min kai tun kafin ka zo. Ka turo magabatanka."

Bayan an girbe dawa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ladan. Mutanen Yako suka cika ƙananan motoci, na ƙauyukan kewaye suka zo a babura, 'yan ƙungiya suka zo da Koci a gaba, har da Tasi'u cikin babbar riga. Ɗaliban Rufaida kuwa suka cika tsakar gida da guɗa.

Tana zaune a ɗaki, lalle ya kama jajir, saƙo ya shigo:

"An shafa fatiha, amaryata. Yanzun nan Koci ya raɗa min sunana na cikin masu tafiya gasar ƙasa, kuma yana son ki zama mataimakiyarsa. Na ce sai na tambayi matata."

Ta yi dariya har ƙawaye suka leƙo wayar.

"Matarka ta ce sai ta tambayi mijinta."

"Mijinta ya amince tun kafin a tambaye shi."

Da la'asar, kafin a fita da ita, aka kai ta gaban Malam. Ta durƙusa, kuka ya ci ƙarfinta. Ya ɗora hannu a kanta.

"Rufaida, na yi miki zaton da ba ki cancanta ba, kin wanke kanki ba da baki ba. Na yarda da zaɓinki. Ki riƙe shi da gaskiya, ki haɗa da taushi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya sa gidanku ya zama wurin hutawarku."

"Amin, Baba," ta ce cikin shessheƙa.

Inna Kulsum ta kama hannunta ta miƙa wa gwaggonta, mata suka ɗauki guɗa, motar amarya ta kama hanyar Yako. A bakin gari Mujitaba na tsaye cikin abokansa, ya kasa jira a gida.